Ranar da Torkild Ya Nuna wa Surukai Kopenhagen

A Kopenhagen, babban birnin ƙasarmu, aka haifi mijina Torkild, a nan ya yi shekara talatin da takwas yana sayar da labule, a nan kuma ya yi ritaya. In ka ji yana ba da labarin birnin nan, sai ka rantse shi ya haƙa tashar jiragen ruwa da hannunsa. Abin da ba ya faɗa shi ne, kamar kowane ɗan gari na ainihi, bai taɓa taka ko ɗaya daga cikin wuraren da baƙi ke tururuwar gani ba. Hanyar shago ya sani, da hanyar gida, da rumfar mai gyaran keke.

'Yarmu Rikke ta haifi Alma a watan Afrilu. Mijinta Malte ɗan Lemvig ne, can yamma, tafiyar awa biyar a jirgin ƙasa. Iyayensa, Aksel da Gerda, sun ce gidan kakarsa yana nan babu kowa a ciki, su tattara su koma. Su kam ba sa zuwa Kopenhagen. Aksel ya ce ya taɓa zuwa sau ɗaya yana saurayi, kuma ya ga abin da zai gani. Rikke ba ta ɓoye mini komai ba.

"Mama, Malte ba zai iya renon 'ya iyayensa ba sa ganinta ba. In za su riƙa zuwa, mu zauna. In ba za su zo ba, kafin Kirsimeti mun tashi."

Duk Talata da Alhamis Alma a hannuna take wuni. Ba na jin kunyar faɗa, in aka ɗauke yarinyar nan ban san abin da zan tashi in yi da safe ba. Da ƙyar aka shawo kan tsofaffin suka yarda za su zo wata Asabar a watan Oktoba. Nawa shirin bai wuce gahawa da kek da ɗan tattaki a bakin ruwa ba. Amma ina da miji.

"Bodil, ke dai ki yanka burodi," in ji Torkild. "Mutanen ƙauye ne, ba su taɓa ganin bene mai hawa biyar ba. Wurare goma zan nuna musu a yini ɗaya, ta ruwa. Kafin yamma da bakinsu za su roƙe mu mu nema musu ɗaki."

"Ta ruwa? A cikin me?"

"A cikin Bodil ta Biyu mana."

Bodil ta Biyu wani kwale-kwale ne mai inji da ya saya da bazara a hannun wani mutum da bai tsaya ciniki ba, ya kuma kashe wayarsa tun daga ranar. Na tambaye shi laifin me Bodil ta farko ta yi, ya ce karramawa ce. Don kada ruwan sama ya taɓa baƙi, sai ya ciro ƙyamaren kwabar tufafinmu ya kafa su a kan sanduna huɗu, ya yi wa jirgin rufi. Ko madubin bai cire ba. In ka zauna ka ɗaga kai, sai ka ga fuskarka tana tambayarka me ya kawo ka. Tun watan Yuni tufafina a kan kujera suke kwana.

Maƙwabcinmu Viggo, wanda ba shi da aiki sai zama a benci bakin ruwa, ya daɗe yana kallon aikin.

"Torkild, jirgi ne wannan ko ƙaura za ku yi?"

"Hassada ce ke damunka."

"Ƙwarai. Ni tawa kwabar ba ta iya ruwa ba. Zai dai wuce ƙarƙashin gadoji?"

"Kowace gada na auna ta da hannuna tun watan Yuli. Har da rarar taƙi guda."

"To madalla. Ku gaishe da kifaye."

Ranar Asabar ta zo da iskar arewa, wadda ta kwana uku tana busawa. Aksel dogo ne, busasshe, kuma in ya yi kalma goma a wuni to an yi biki. Shekara arba'in ya yi yana tuƙa jirgin kamun kifi a teku. Gerda gajera ce, riƙe da wata takardar baƙi mai bayanin wuraren gari da ta ɗauko a tashar jirgin ƙasa, ta kuma haddace ta kafin su iso. Torkild ya tarbe su da farar hular kyaftin wadda takardar kanti ke lilo a bayanta.

Aksel bai kalli hular ba. Bangon bakin ruwa ya duba, ya ce, "Ruwa ya hau."

"Haba Aksel, nan fa birni ne," in ji Torkild, yana dafa masa kafaɗa. "Ruwanmu ba irin naku na yamma ba ne da ke yin abin da ya ga dama. Nan hukuma ce ke kula da shi."

"To," in ji Aksel.

Muka shiga. Torkild ya ja igiyar inji sau goma sha ɗaya, fuskarsa ta yi jawur, inji ko tari bai yi ba. Aksel ya miƙa yatsa biyu ya murɗa makunnin mai. A ja na goma sha biyu inji ya tashi.

"Dama ɗumama shi nake yi," in ji Torkild. Viggo ya tafa mana daga benci.

Da muka fita babban ruwa, kyaftin ya zaro jerin wurarensa goma da fensir, ya nuna wani ƙaton gini mai faffaɗan rufi.

"Na ɗaya! Majalisar ƙasa."

Gerda ta duba takardarta. "Gidan waƙa ne."

"Da can majalisa ce."

"An gina shi Malte yana firamare."

"To ai 'yan majalisar ma waƙa suke yi mana," ya ce, ya ja layi a takarda.

Ina cikin raba baƙin burodi da kifi mai tsami, jirgin haya mai ruwan ɗorawa ya wuce mu, ya bar igiyar ruwa tana tahowa.

"Tare ta da hancin jirgi," in ji Aksel.

"Na san ruwan nan kamar aljihuna," in ji Torkild, ya juya mata gefe.

Gahawa ta tashi daga kofuna ta gaishe da madubi, ta dawo kanmu. Kifin da na kwana ina jiƙawa ya sauka a cinyar Gerda, kafin ta yi motsi tsuntsayen teku sun zo sun raba gado. Ta share siket ɗinta da takardar baƙi, ta ce ba komai, dama ba ta jin yunwa. Ni kuwa na san ma'anar wannan "ba komai".

Torkild yana waige yana yi musu bayanin yadda ake kauce wa igiyar ruwa, sai muka ji inji ya yi gurnani ya mutu. Mun tsallaka igiyar da aka kewaye wurin masu ninƙaya da ita, ta kuma naɗe a farfela. Kawuna bakwai suka kewaye mu, duk na tsofaffin matan nan masu shiga ruwan sanyi, ba komai a jikinsu sai hular ulu.

"Kai mai hula!" in ji babbarsu. "Makaho ne kai, ko igiyar ce ta yi maka ƙanƙanta?"

"Baiwar Allah, a yi magana a hankali, baƙi ne da ni daga yamma."

"Allah sarki, su suka ce ka kawo su ka nutsar? Wai tsaya, wannan ba kwabar tufafi ba ce?"

"Rufi ne."

"In kwaba ce miƙo mini tawul, na ji sanyi."

Sauran suka kwashe da dariya har ɗaya ta sha ruwa. Aksel ya naɗe hannun riga, ya ɗaga injin, ya warware igiyar cikin minti biyu, ya ɗaga wa matan hannu. Babbar ta ce masa, "Sannu dattijo. Kai da ka iya, me ya sa ka bar yaron gidanka yana tuƙi?" Torkild ya ce bai ji abin da ta ce ba saboda iska.

Daga nan muka nufi gunkin yarinyar nan mai jelar kifi da ke zaune a kan dutse. Tun daga nesa Torkild ya fara shirya su.

"Ku riƙe hulunanku. Ta kai tsayin bene. Jiragen ruwa da ita suke gane hanya."

Muka wuce, muka dawo, muka sake wucewa, yana ta leƙen sama. A zagaye na uku Gerda ta taɓa masa hannu.

"Ga ta can, inda mutane suka taru."

Bayanta kawai muke gani, da fuskokin baƙi wajen ɗari suna ɗaukarta hoto, mu kuma muna cikin hoton da kwabarmu. Aksel ya daɗe yana kallonta.

"A wurinmu in ka kama irin wannan, mayar da ita ruwa ake yi," ya ce. "Ba ta isa sayarwa ba."

"Ta wucin gadi ce," in ji Torkild. "Babbar tana wurin gyara."

Lokaci ya ƙure, domin mun yi da Rikke da Malte za mu haɗu da ƙarfe uku kusa da Gadar Storm. Sai kyaftin ya buɗe wuta, ya shiga zubar da wurare kamar mai rabon kati. Fadar sarauta ta wuce, ya ce sojoji masu doguwar hular gashi suna can bayan gini, mu ɗauka mun gani. Gidajen unguwar Nyhavn masu launi-launi muka hango su ta wata kafa, kafin Gerda ta sa tabarau sun ɓace. Wata hasumiya da ya ce ita ce ta bakwai, ashe bututun hayaƙi ne. Ya ja mata layi duk da haka.

Muka shiga ƙaramin ruwan da ya kewaye tsohuwar fada, inda gadoji ke jere. A gadar farko sandar tutar ƙasa da ke kan jirginmu ta karye, Gerda ta cafe tutar kafin ta taɓa ruwa, ta naɗe ta a cinya tana kallon Torkild kamar ya zagi kakanta. A wata gadar rufinmu ya karci dutse har ƙura ta zubo mana. Sai ga Gadar Storm a gabanmu, wadda ta fi kowace gada yin ƙasa, bakinta kamar na tanderu.

"Ba za ta wuce ba," in ji Aksel.

"Na auna."

"Yaushe?"

"Yuli."

"Yau Oktoba."

"To gada tana sauka ne don wata ya canja?"

"Ruwa ya hau, na gaya maka tun safe."

"Torkild, don girman Allah ka saurare shi," na ce.

"Ku mutanen tudu ba ku san jirgi ba," ya ce wa mutumin da ya yi shekara arba'in a teku. "Gudu kawai take so."

Ya ba ta gudu. Ƙarar da ta biyo baya har yau ina jin ta a haƙorana. Rabin jirgin ya shige ƙarƙashin gada, rufi ya cije dutse, madubi ya tsage gida biyu, muka tsaya cak. Torkild ya ƙara wuta, muka ƙara cusuwa. Ya sa baya, inji ya yi ta kuka, ko motsi ba mu yi ba. Bayan jirgin kawai ya rage a waje, kusa da tsanin ƙarfen da ke jikin bango.

Ba a yi minti biyar ba wani dogon jirgin 'yan yawon buɗe ido ya tsaya a bayanmu, cike maƙil, da wata budurwa riƙe da lasifika. A saman gada kuwa masu keke suka fara tsayawa. Ɗan Kopenhagen ba ya tsayar da kekensa ko gobara ake yi, amma ranar sun tsaya, har suka jingina kekuna suka leƙo.

"Nan za ku kwana? In kawo muku fitila?"

"Wannan ne sabon gidan da aka ce za a gina wa matasa?"

"Maigida, nawa kake ba da hayar ɗakin sama?"

"Komai yana hannu!" in ji Torkild. "Duba ƙarƙashin gadar nake yi, akwai tarihi a wurin."

Budurwar ta kara lasifika a baki. "Ranka ya daɗe, in ka gama karatun, akwai mutum tamanin a nan da su ma suka zo ganin tarihi."

Aksel ya miƙe a hankali, ya dubi rufi, ya dubi ruwa. "Nauyi take so," ya ce. Ya ɗaga kai ya zaɓi mutane da yatsa kamar mai sayen shanu. "Kai, da kai, da kai mai jar riga. Ku sauko."

"Wannan dabarar ƙauye ce," in ji Torkild. "Ku ga yadda ake yi a birni."

Ya taka gefen jirgi, ya haye ƙarshen rufin da ya rage a waje, ya kama wani ƙarfe a goshin gada da hannu biyu, ya shiga danna rufin da ƙafafu yana nishi. Shi yana can yana nishi, ƙarti uku suka sauko ta tsani, kowanne ya kai nauyin buhu biyu. Na huɗu wata mata ce da ta ce ita ma ba a banza take cin kek ba. Jirgi ya nutsa kaɗan, rufi ya saki dutse. Aksel ya kama inji ya ja da baya a hankali, Bodil ta Biyu ta fito sumul, ta bar kyaftin ɗinta a rataye.

Ban san mijina yana da ƙarfin hannu haka ba. Ya yi lilo a jikin gadar nan, cikinsa a waje, ƙafafunsa suna tuƙa keken da babu shi. Wayoyi tamanin suka ɗaga a lokaci ɗaya.

"A hannun damanku tsohuwar fada ce," in ji budurwar cikin lasifika. "A gabanku kuma, ɗan Kopenhagen." Ta maimaita da harsuna uku, kowane harshe da nasa tafin.

"Bodil! Ce masa ya dawo mini da jirgina!"

"Kai ne kyaftin, ba da umarni!"

Ya buɗe baki zai ba da umarnin, hannuwansa suka riga shi yanke shawara. Ruwan Oktoba ya karɓe shi da tsawa. Hular ta fara fitowa, shi ya biyo baya yana feshi. Aksel ya ɗauki sandar ƙugiya, ya saƙala masa a bel, ya jawo shi gefen jirgi, ƙartin nan suka ɗago shi suka shimfiɗa a ƙasa yana ɗiga.

Sai na ji wani sauti kamar ana jan tsohuwar ƙofa. Na waiga, ashe Aksel ne yake dariya. Ya riƙe ciki, hawaye na bin kumatunsa, ya dubi Torkild ya sake fashewa. Gerda ta zuba masa ido baki buɗe, ta raɗa mini cewa rabonta da jin wannan tun ranar da limamin cocinsu ya faɗa cikin kabari.

Da muka hau tudu, Rikke da Malte suna cikin taron da Alma a keken jarirai, sun ga komai tun daga lilo. Wani mai shago ya kawo bargo aka naɗe Torkild, ya zauna a dakali yana karkarwa, leɓɓansa sun yi shuɗi. Ni kuwa na riga na haƙura. Na tsaya ina kallon yarinyar tana barci, ina lissafin Talata nawa suka rage mini.

"Baba, yaya kuka ga garin?" Malte ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

Aksel ya share ido. "Ba laifi. Za mu dawo."

"Da gaske?"

"Duk wata. Ban san haka birni yake da daɗi ba."

Gerda ta gyaɗa kai. Rikke ta kama hannuna ta matse. Na ji wani farin ciki ya lulluɓe ni. A wannan minti ɗin na yafe wa Torkild kwaba, na yafe masa kifi, na yafe masa shekara arba'in da ɗaya na aurenmu. Da bargon nan ya rufe har bakinsa, da yanzu wani labarin nake ba ku.

"Kun gani?" ya ce, haƙoransa suna haɗuwa. "Dama na ce kafin yamma. Duk cikin shiri ne. Kuma wannan somin-taɓi ne. Duk ranar da Alma take gidanmu, ni da ita a ruwa za mu wuni. Talata mai zuwa zan fara koya mata. Har na saya mata 'yar hula."

"Baba, wata shida gare ta," in ji Rikke.

"Shi ne daidai lokacin. Zan ɗaure kekenta a kan rufi ta riƙa ganin gari da kyau. Na auna, zai zauna daram."

Babu wanda ya yi dariya, har Aksel. Rikke ta saki hannuna. Ta dubi ubanta, ta dubi jirgin da rufinsa ya karkace, ta dubi 'yarta, sannan ta juya wurin mijinta.

"Malte, gidan kakar nan, yaushe aka ce za a iya shiga?"

"Ko gobe."

"Rikke, wasa yake yi," na ce. "Zan sayar da jirgin. Zan ƙone shi."

"Zai sayi Bodil ta Uku, Mama. Kin fi ni sani."

Gaskiya ne, na fi ta sani. Hawaye suka zubo mini a gaban mutanen da ko sunansu ban sani ba, ban kuma damu ba. Torkild yana can yana yi wa mai shago bayanin cewa gadar ce aka gina ba daidai ba.

Gerda ta matso ta tsaya kusa da ni, har yanzu da tutar a hammata, siket ɗinta yana warin kifi.

"Akwai ɗaki a saman gidanmu," ta ce, ba ta kalle ni ba. "Tagarsa tana kallon gidan da za su zauna. Kina iya zuwa duk lokacin da kika so, ki daɗe yadda kika so. Sai dai gadon ƙarami ne."

"Na mutum nawa?"

"Ɗaya."

"Ya isa," na ce.